Karkataccen Tiren Umma

A Safana, in ka ce Malama Tayyiba ba kowa zai gane ba, amma in ka ce Malama mai alli, har masu kayan miya za su nuna maka gidan. 'Yan aji huɗu take koyarwa a wata firamare da ke bakin gari. Mace ce marar son hayaniya, kuma yatsunta ba sa rabuwa da launi: yau shuɗi, gobe ruwan ƙasa, wani lokaci har a gefen hijabi inda ta gyara shi ba ta lura ba. Mijinta ya daɗe da daina tambayar abin da ya sa kofin shayinsa ke fitowa da shatin yatsa kore.

A Karare aka haife ta. Ita ce 'yar fari a gidan Malam Lawal, wanda ya ƙare rayuwarsa yana rubuta Alƙur'ani da hannu yana yi wa alluna zayyana. Wurin zamansa ɗaya ne, wata rumfar kara a tsakar gida, gindin bishiyar bedi, a kan buzu. Tun tana 'yar shekara shida take durƙusawa nesa kaɗan da shi tana dama masa ja da rawaya. Shi ya fara lura cewa yarinyar tana rarrabe jan da ya sha ruwa da wanda bai sha ba. Da ta gama sakandare ta samu gurbi a kwalejin ilimi, sashen zane, dangi suka yi ca, wai ɗiyar malami da zane-zane. Malam ya bari suka gama, sannan ya kira ta.

"Abu ɗaya nake roƙonki," ya ce. "Ki zana ɗaki, ki zana itace, ki zana tulu da ƙwarya. Amma duk abin da ke numfashi, ki bar wa Mai shi."

Ta ce to. Ba ta taɓa saɓawa ba.

A kwalejin ta haɗu da wani alli mai laushi, mai launi iri-iri, wanda suke kira fastel. Ba ya son ruwa, ba ya son burushi. Ana goga shi a takarda mai kaushi, a murza da yatsa, kuma in aka yi sakaci gefen hannu ya taɓa, aikin yini guda sai ya tafi. Shi ta riƙe. Da ta fara aiki a Safana, mata suka riƙa kiranta bayan an gama wa amarya jere, ta zana ɗakin kafin 'ya'ya su zo su hargitsa shi. Tana iya gado, tana iya labule, tana iya hasken da ke faɗowa ta taga. Wuri ɗaya take yin dabara. Duk kwanon da ke ƙyalli, in ta dube shi kanta take gani a ciki, da hijabi da komai. Sai ta shafe wurin da ruwan toka, ta ja farin layi a gefe, ya fito kamar yana walƙiya. Babu wadda ta taɓa yin ƙorafi.

Malam Lawal ya rasu a farkon bazara. Umma, mahaifiyar Tayyiba, ta yi takabarta a ɗakinta, ƙanwar Malam, Gwaggo Mairo, ta zo daga Yasore ta zauna da ita. Kafin takabar ta ƙare, gidaje biyu da ke gefensu sun kwashe sun koma cikin Batsari, don gidan a ƙarshen gari yake, wajen gonaki, kuma shekarun nan ba a son kwana a irin wurin. Yazid, ƙanen Tayyiba da ke aiki a Batsari, ya gyara wa Umma ɗaki a gidansa, ya shafe shi da fenti, ya yi magana da mai mota ya zo ranar kasuwa. A ranar ce kuma Gwaggo Mairo za ta koma gidanta. In Umma ba ta shiga motar nan ba, ita kaɗai za ta rage a gidan.

Umma ta ce ba inda za ta.

"Yaya, na gaji," in ji Yazid a waya. "Na ce za mu kwashe kwanukan nan kaf mu jera mata yadda suke, ta ce kwano za mu ɗauka, ba ɗaki ba. Na ɗauki hoton ɗakin da waya, na kai aka wanke babba don ta riƙa gani. Kin san me ta ce?"

"Me ta ce?"

"Wai Yazid arba'in ta gani a jikin kwanukan, kowanne da ƙaton hanci da waya a hannu. Wai ɗaya ma ya ishe ta. Ki zo ki gwada naki, ko Allah zai sa."

Saura kwana biyu kasuwa, Tayyiba ta taso da sassafe, mota zuwa Batsari, babur zuwa Karare, akwatin allinta a kan cinya, takardu uku a naɗe cikin zane. Gero ya yi tsawo har ya rufe hanya ta gefe biyu. Da ta shiga gida, abin da ta fara gani shi ne buzun Malam a shimfiɗe cikin rumfa, an share wurin tas.

"Kullum sai ta shimfiɗa shi," in ji Gwaggo Mairo, tana karɓar kayanta. "Wai kada gara ta ci. Sannu da zuwa, mai ɓata hannu. Mijin naki bai gaji da cin tuwo mai launi ba?"

Tayyiba ta yi murmushi, ta je ta durƙusa a ƙofar madafa ta gaida Umma. Gaisuwar ta yi tsawo, ta bi kan miji da yara da makaranta da ruwan Safana, amma Umma ba ta ɗago daga tsintar wake ba. Da yake 'yar fari ce, Umma ba ta taɓa kiran sunanta ba. "Ke" ce, ko "waccan", in kuma ana maganarta da baƙi, "ta Safana". Sunan Malam ma bai taɓa fita daga bakinta ba. Shekara talatin da takwas suna tare, 'ya'yansu ba su taɓa ganin ta zauna kusa da shi ba, balle ta ɗaga ido ta dube shi. In ta kai masa abinci rumfa, sai ta ajiye ta ce "ga shi", ta juyo ɗakinta.

Ɗakin kuwa ba wani babba ba ne. Gadon ƙarfe a hannun dama, kantar jeren kwanuka mai hawa uku a bangon da ke fuskantar ƙofa. A ƙasa kwalla da manyan samiru, a tsakiya langa da tasoshin da Umma ta gada daga tata uwar, waɗanda take gogewa da toka da tsamiya har su koma kamar zuma. A hawa na sama farantai a jingine, a tsakiyarsu wani babban tiren silba. Tun Tayyiba tana ƙarama ta san tiren nan ba ya tsayawa daidai. Kowane faranti ya miƙe a sahu, shi kaɗai ya karkata, gefe ɗaya ya turo gaba. Duk ranar da aka sa ta shara sai ta gyara shi, washegari ta tarar ya koma. Ta ɗauka kantar ce ba ta daidaita ba.

Yau ma, kafin ta fara, ta miƙa hannu ta daidaita shi. Ta ɗauko kujera 'yar tsuguno ta zauna a bakin ƙofa don haske ya faɗo kan takarda, ta ɗora katako a cinya. Daga hantsi har azahar ba ta tashi ba. Ta sa duhun bango tukuna, ta murza, ta fitar da furannin da ke jikin samiru ɗaya bayan ɗaya, ta ba tasoshin ruwan zumarsu. Da ta zo kan farantai da tiren, ta ga kanta a cikinsu, baƙar inuwa ta toshe ƙofa. Ta yi abin da ta saba, ruwan toka da farin layi.

Gwaggo Mairo ta tafa hannu. "Tubarkalla! Matar Yaya, zo ki ga ɗakinki ya shiga takarda. Har inda langar nan ta ɓantare ta sa."

Umma ta goge hannu a zane, ta zo ta tsaya ta duba. Ta daɗe.

"Ya yi kyau," ta ce. "Na wace ce?"

"Ji wata magana! Naki mana."

"Haka suke a rumfar mai kwano a kasuwar Batsari. Sababbi, ba wanda ya taɓa zama da su." Ta miƙa wa Gwaggo Mairo takardar. "Ta kai wa wata amarya a Safana."

Tayyiba ta sunkuyar da kai tana mayar da alli cikin akwati. Ba yabo ta zo nema ba, ta san ba za ta samu ba. Motar jibi take tunani, da gidan nan in Gwaggo ta tafi. Tana nan durƙushe ta ga Umma ta shiga ɗaki kamar za ta ɗauko wani abu, ta tsaya gaban kantar, ta sa hannu bayan tiren ta ɗan taɓa, ta fito. Tiren ya koma karkace.

Bayan la'asar Umma da Gwaggo suka shiga maƙwabta duba wata mai jego. Tayyiba ta shiga ɗakin ta leƙa bayan tiren. Wani guntun alƙalamin kara ne aka tokare shi da shi, bakinsa da busasshiyar tawada, irin waɗanda Malam ke jefarwa in sun dakushe. A jikin katakon kantar akwai ɗan rami da karan ya ci, ya yi santsi saboda daɗewa. Ashe ba kantar ba ce.

Ta ja baya ta dubi tiren. A tsaye, rufin ɗaki kawai take gani. Ta matsa wajen ƙofa, kanta ta gani. Ta koma gefen kwalla, bango. Sai idonta ya kai bakin gado, wajen ƙafa, inda katifa ta lotsa, inda Umma ke zama tana saƙa ko tana tsince shinkafa tun suna yara. A rayuwarta ba ta taɓa zama kan gadon Umma ba. Ta saurara, ba motsin kowa. Ta zauna a hankali cikin lotsawar, ta ɗaga kai.

Ƙofar ɗakin ce a cikin tiren, a buɗe, da haske. Bayanta tsakar gida. A can ciki, ƙarama amma sarai, ga rumfar kara, ga gindin bedi, ga buzu.

Daga bakin gadon nan, mace tana iya juya wa tsakar gida baya, kanta a kan saƙa, kowa ya shigo ya ga tana kallon kwanukanta. Tayyiba ta tuna yadda Umma kan miƙe ba wanda ya kira ta, ta ɗauki ruwa ta kai rumfa daidai lokacin da Malam ya ajiye alƙalami. Suna yara sun ɗauka jin motsinsa take yi. Ta tuna sau nawa ta gyara tiren nan tana ganin taimako take yi. Kunya ta kama ta kamar ta buɗe adakar da ba tata ba. Ta tashi da sauri ta gyara zanen gado, ta fita ta hau wanke-wanken da ba a sa ta ba.

Ba ta gaya wa Gwaggo ba. Da Yazid ya kira ya ce yaya ake ciki, ta ce ya bar maganar mota yadda take, zuwa gobe.

Washegari bayan azahar ta ɗauki akwatinta da takarda ta biyu, ta tsaya a ƙofar ɗakin. Umma tana ciki tana ninke kaya.

"Umma, zan sake gwadawa."

"Takardarki ce."

"A nan nake so in zauna." Ta nuna bakin gadon, ba ta yarda ta ɗago ba.

Hannun Umma ya tsaya a kan zanen da take ninkewa. "Kujeru sun ƙare a gidan ne?"

"Hasken nan ya fi."

Sannan Umma ta ajiye zanen, ta bi ta gefenta ta fita. A bakin ƙofa ta tsaya, ta tattare labulen da ya sauko rabi, ta ɗaga shi ta rataye a saman ƙyaure, ta wuce madafa.

Tayyiba ta zauna. Daga nan ba ta cikin tiren ko kaɗan, ba ta cikin ko faranti ɗaya. Ba abin da za ta ɓoye. Ta ture ruwan tokar nan gefe. Da ta ƙura ido sai ta ga silba ba shi da launin kansa, na ɗaki yake ara: gefen tiren ya ɗauki duhun bango, ƙasansa ya ɗauki jan murfin samira, tsakiyarsa kuma duk tsakar gida ce. Shekarun da aka yi ana goge shi da toka sun bar masa siraran zane masu zagaye, shi ya sa komai a ciki ya yi laushi, ginshiƙin rumfa ya ɗan lanƙwashe kamar ana ganinsa a ruwa. Ta sa duhun ƙarƙashin rumfar da shuɗi da ruwan ƙasa, ta murza da ɗan yatsanta ƙarami. Ta sa kore mai rawaya inda rana ke ratsa ganyen bedi. Buzun bai fi ƙwayar wake ba, amma launi huɗu ya ci kafin ya kwanta. Wata kaza ta shigo cikin tiren tana tono, Tayyiba ta ɗaga hannu ta jira ta wuce.

Da idonta ya saba, sai ta fara ganin ƙofar a ko'ina. Tana jikin kowace tasa, siririya, a lanƙwashe. Tana kan murfin langa kamar tsinke. Jiya ita ta zauna ta toshe ta. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana mayar musu da ita. Farin alli sai a ƙarshe ta taɓa shi, sau uku kacal. Ta ji an yi kiran la'asar, ta tashi ta yi salla, ta dawo ta tarar rana ta sauko ta kwanta a kan rabin buzun. Ta ga ya fi, ta gyara ta bar shi haka.

Gwaggo Mairo ce ta fara gani. Ta karkata kai, ta taɓe baki.

"Ke kuwa 'yar nan, gaba ake yi ko baya? Na jiya ya fi tsari. Ga tire a karkace kamar an buge shi, ga wani dabbare-dabbare a ciki. Yunwa ce ta kama ki?"

Umma ta karɓa da hannu biyu, ta gefe-gefe. Ba ta dubi samiru ba, ba ta dubi tasoshi ba. Ta matsa bakin ƙofa inda haske yake. Yatsanta ya taso a hankali zuwa tsakiyar tiren.

"Umma, zai goge," in ji Tayyiba ƙasa-ƙasa.

Yatsan ya tsaya bai taɓa ba. Tayyiba tana kallon ƙafafun Umma, ba fuskarta ba. Ta ga babban yatsan ƙafar yana murza ƙasa.

"Babu buta," in ji Umma.

"Wace buta kuma?" in ji Gwaggo Mairo. "A kan kantar?"

Tayyiba ta buɗe akwati ta ɗauko guntun shuɗi. "Ta wane gefe?"

"Wajen gindin itacen. Bakinta na kallon gabas."

Ta ɗiga shuɗin kusa da buzun, ta ja masa ɗan baki da farce. Umma ta duba, ta gyaɗa kai sau ɗaya. Ta miƙa mata takardar, ta juya ta dubi kantar tun daga sama har ƙasa.

"Mairo, buhunan nan da yaron nan ya kawo suna zaure. Miƙo su. Ke kuma nemo tsummoki, tasoshin nan ba a haɗa su jiki da jiki."

"Ikon Allah," in ji Gwaggo Mairo. "Wata guda ina fama da ke, ashe karkataccen zane kike jira."

Kafin magariba sun sauke hawa biyu. Tiren Umma ta sauke da kanta, ta naɗe shi a zanenta na salla. Guntun alƙalamin kuwa Tayyiba ta ga ta ƙulle shi a bakin zane, ta yi kamar ba ta gani ba. Da safe mota ta zo. Buzun ne abu na ƙarshe da aka naɗe.

A Batsari Yazid ya kai zanen aka sa masa gilashi. Ya zo da ƙusa da guduma zai kafa shi a bangon da ke fuskantar gado, Umma ta ce a'a, ta nuna masa gefen ƙofa, can lungu, bayan inda take zama.

"Umma, nan wa zai gani?"

"Ka kafa dai."

Bayan sati uku Tayyiba ta zo daga Safana duba ta. An yi jeren a sabuwar kanta, Umma tana waje tana alwala. Lubna, matar Yazid, ta kawo wa Tayyiba ruwa, ta rage murya.

"Yaya, kafintan nan bai iya aiki ba. Kullum in na yi shara sai na gyara babban tiren can, kafin azahar ya koma karkace. Ko in sa a sake kantar?"

Tayyiba ta dubi tiren, ta dubi bakin gado inda sabuwar katifa ta fara ɗan lotsawa, ta dubi lungun da zanen yake.

"Kantar lafiya lau take," ta ce. "Ki riƙa share ƙurar kawai, ki bar shi yadda kika same shi."

Daga waje muryar Umma ta taso. "Ta Safana ce? A ce mata ta wanke hannun nan kafin ta sa a abinci."